Shekara Sittin Tsakanin Littafi da Littafi: Yadda Alƙalamin Henry Roth Ya Cije

A shekarar 1954 wata 'yar mujalla ta masu kiwon agwagi da dinya a Amurka ta buga wani gajeren rubutu a kan yadda mai ƙaramin jari zai harhaɗa kayan aikinsa da 'yan kwabbai, ba sai ya sayi na kanti ba. Wanda ya rubuta makiyayi ne a jihar Maine, can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar, inda hunturu ke daskarar da ruwan tafki. Sana'arsa ke nan a lokacin: ya yi kiwo, ya yanka, ya fige, ya sayar. Mai karanta mujallar ba shi da dalilin tsammanin cewa hannun nan da ke figar agwagwa shi ne ya rubuta, shekara 20 kafin nan, littafin da daga baya za a sa cikin manyan ƙagaggun labaran Amurka na ƙarni na 20.

Sunan mutumin Henry Roth. Littafinsa na farko, Call It Sleep, ya fito a 1934 yana da shekara 28. Ƙagaggen labarinsa na biyu bai fito ba sai 1994, yana gab da cika 88. Mu muna cewa basira ta toshe, ko alƙalami ya cije. Turawa ma sunan da suke kiran abin da shi ba tsoho ba ne, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Austiriya da ya yi hijira zuwa New York, Edmund Bergler, shi ya raɗa shi a 1947. A wannan shekara Roth ya riga ya haura shekara goma a cikin ciwon, ba ya jiran a yi masa suna.

Na zaɓi lamarinsa ne saboda abu biyu. Yana cikin mafiya daɗewa da aka sani, kuma ya warware a ƙarshe. Yawancin waɗanda alƙalaminsu ya cije na tsawon lokaci da shi suke shiga kabari, sai a bar mutane da hasashe. Roth ya rayu har ya rubuta abin da ya tsaya masa a wuya, don haka muna iya kwatanta dalilan da ya riƙa bayarwa da abin da ya fito daga baya.

Littafin farko

An haife shi a 1906 a wani gari a yankin Galishiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Austiriya da Hangari, yau kuma yana cikin Yukren. Iyayensa Yahudawa ne matalauta. Yana ɗan ƙanƙani aka kawo shi New York. Sun zauna a unguwar Brownsville, sannan a 1910 suka koma unguwar Lower East Side, inda a kan titi da kasuwa da makarantar addini duk yaren Yidish na Yahudawa ake ji. A 1914, yana da shekara takwas, iyalin suka tashi zuwa Harlem, tsakiyar 'yan asalin Ayalan da Italiya. A riƙe wannan shekarar, za mu dawo mata.

Yana ɗalibi a kwalejin birnin New York ya haɗu da Eda Lou Walton, marubuciyar waƙoƙi kuma malama a Jami'ar New York, wadda ta girme shi da shekara 12. Ta ɗauke shi, ta zaunar da shi a gidanta, ta ɗauke masa ci da sha, ta buɗe masa ƙofar marubutan zamani irin su James Joyce. A inuwarta ya rubuta littafin, kuma ita ya sadaukar wa.

Labarin wani yaro ne, David, tsakanin shekara shida da takwas, mai tsoron ubansa, maƙale da uwarsa. Wata dabara a ciki za ta burge duk mai harshe biyu: in mutanen gidan suna magana da Yidish, Roth kan zuba maganar cikin Turanci mai tsabta da zaƙi, in kuwa sun fita titi suna kame-kamen Turanci, sai ya rubuta shi a karye yadda suke furta shi. Mai karatu sai ya gane cewa mutanen nan da ake wa kallon gidadawa a waje, a cikin ɗakinsu masu fasaha ne. A ƙarshen littafin yaron ya cusa ludayin ƙarfe na awon madara cikin layin lantarkin taragon cikin gari, wuta ta ja shi, ya tsallake rijiya da baya.

Littafin ya sami yabo, amma ya faɗo a tsakiyar karayar tattalin arzikin shekarun 1930. 'Yan dubbai kaɗan aka sayar, kamfanin da ya buga shi ya durƙushe, littafin ya ɓace daga kasuwa.

Inda aka fara karkacewa

Ba rashin ciniki ne ya cije alƙalamin ba. Roth ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu a daidai wannan lokaci, kamar matasan marubuta da yawa na zamaninsa. Mujallar New Masses, wadda ke magana da yawun wannan ɓangare, ta yi wa littafin sharhi mai zafi. Ma'anar abin da ta ce: abin takaici ne ɗan talakawa ya rasa abin da zai yi da rayuwar ma'aikata sai tonon zuciya da zazzaɓin tunani. Wasu sun tashi sun kare shi a shafukan mujallar, amma maganar ta riga ta shiga. Daga abokan gaba ba ta da nauyi. Daga 'yan gida ta fito.

Sai ya ɗaura niyyar rubuta irin littafin da jam'iyya za ta yi alfahari da shi. Ya sami wani ma'aikaci ɗan gwagwarmaya daga tsakiyar Amurka, mutumin da inji ya cinye wa hannu ɗaya, ya mai da shi tauraron labari. Ya rubuta kimanin shafi ɗari. Maxwell Perkins na kamfanin Scribner's, editan da ya yi aiki da manyan marubuta irin su Hemingway da Fitzgerald, ya karanta ya ji daɗi, har aka ba Roth kafin alƙalami. Wani yanki na aikin ya fito a wata mujalla a 1936. Daga nan shiru. An karɓi kafin alƙalami, alƙalamin ya ƙi tafiya.

Kayan aro ba ya rufe katara. Roth bai taso a gonakin tsakiyar Amurka ba, bai san ƙanshin ɗakin mutumin ba, bai san yadda uwarsa ke kiransa ba. Abin da ya sa littafin farko ya rayu shi ne kunnen yaron da ya ji komai da kansa. A na biyu kunnen wani ya ara, ga kuma alƙali zaune a bayan ƙeyarsa yana duba kowane layi ko ya dace da aƙida. Mike Rose, wanda ya yi nazarin ɗalibai masu kakarewa a rubutu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya wallafa sakamakonsa a 1984, ya nuna cewa da yawansu ba rashin abin faɗa ke damunsu ba. Wasu ƙa'idoji ne masu tsauri suka ɗora wa kansu, suna gyaran jimla tun ba su gama haifarta ba. Abin da ya sami Roth a wannan mataki ke nan, sai dai nasa ƙa'idojin jam'iyya ce ta rubuta masa.

A 1938 ya tafi Yaddo, wani gida a jihar New York da ake saukar da marubuta da mawaƙa don su sami natsuwar aiki. Bai dawo da littafi ba. Ya dawo da Muriel Parker, makaɗiyar fiyano mai tsara kiɗa, wadda ya aura a 1939. Ya rabu da Walton, ya rabu da inuwar da yake rubutu a ƙarƙashinta, ya ce zai tsaya da ƙafarsa.

Shekarun shiru

Tsayuwa da ƙafa ta zama aikin ƙarfi. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aikin wasa ƙarafa a masana'antu. A 1946 suka koma Maine. Ya sari itace, ya koyar a makarantar ƙauye, ya yi shekaru yana kula da marasa lafiya a asibitin masu taɓin hankali na Augusta, sannan ya shiga kiwon agwagi, yana haɗawa da koya wa yara Latin da lissafi. Muriel ta ajiye kiɗanta ta zama malamar makaranta, da albashinta gidan ya tsaya. A wani lokaci cikin shekarun 1940 ya tara takardunsa da littattafan da yake rubuta tunaninsa ya cinna musu wuta.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: bai daina iya rubutu ba. Mujallar The New Yorker, wadda shiga cikinta ba wasa ba ne, ta buga gajerun labaransa a 1939 da 1940 da 1956. Jimla na fita, shafi biyar ko goma na fita. Abin da ya ƙi shi ne dogon numfashi. Duk lokacin da aiki ya kai inda zai buƙaci ya zauna da rayuwarsa gaba ɗaya, sai ya tsaya cak kamar jakin da ya hango rami. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi zargin cewa ruwa ba ya tsami banza.

Sai littafin farko ya tashi daga kabari ba da hannunsa ba. A 1956 mujallar The American Scholar ta tambayi masana wane littafi ne aka fi yi wa rashin adalcin mantuwa cikin shekara 25 da suka wuce. Manazarta biyu, Alfred Kazin da Leslie Fiedler, suka ambaci nasa, kuma shi kaɗai aka ambata sau biyu. An sake buga shi a 1960. A 1964 aka fito da bugu mai arha mai laushin bango, manazarci Irving Howe ya yi masa sharhi a shafin farko na mujallar littattafai ta New York Times, aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

A nan ne lamarin ya fi ba ni sha'awa, domin duk uzurin da marubuci ke kawowa ya faɗi lokaci guda. Babu kuɗi? Ga kuɗi. Babu lokaci? An bar agwagi. Ba a san da ni ba? Ga 'yan jarida har ƙofar gida. Me ya yi? Ya tafi Sifaniya da niyyar rubuta labarin wani Bayahude na zamanin da kotunan coci ke farautar waɗanda suka ɓoye addininsu, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ya yi yawo a birnin Seville yana neman inda aka riƙa ƙona mutane. Abin da ya fito gajeren labari ne guda ɗaya, a 1966. An gudu ba a tsira ba. Karo na biyu ke nan yana neman rayuwar wani ya ɓuya a ciki. Da farko ma'aikaci mai hannu ɗaya, yanzu mutumin ƙarni na 16. Ko da yake, mutum mai ɓoye ainihinsa don tsoron wuta, ai zaɓin ma da walakin.

Dalilan da ya riƙa bayarwa

Masu hira da shi sun yi ta tambaya, shi kuma bai rowar amsa ba. Ya ce tashin nan na 1914 ne ya tsinke masa jijiya: an cire shi daga unguwar da kowa nasa ne aka jefa shi inda yake jin kunyar asalinsa, don haka duniyar da yake iya rubutawa ta ƙare yana da shekara takwas. Ya ce jam'iyya ce ta raba shi da muryarsa. Ya ce dogaro da Walton ya hana shi girma. Ya ɗora wa Joyce laifi, ya ce salonsa hanya ce da ba ta ɓullewa. Yaƙin Gabas ta Tsakiya na 1967 ya sa ya yi baran-baran da ragowar aƙidar gurguzu, domin Tarayyar Sobiyet ta tsaya da Larabawa shi kuwa ya karkata ga Isra'ila, kuma ya ce wannan ya maido masa da jin cewa yana da jama'a. Ko mutum ya yarda da matsayinsa ko bai yarda ba, abin lura shi ne bayan wannan ma sai da aka ƙara shekara 12 kafin ya zauna aiki na gaske.

Babu ƙarya a cikin dalilan nan. Kowanne na da ƙamshin gaskiya. Amma duka suna da siffa ɗaya: abubuwa ne da aka yi masa. An tashe shi daga unguwa, an soke shi, an riƙe shi, an ruɗe shi. Haka David na littafin farko yake, yaro marar laifi wanda duniya ke cuta. Babu dalili ko ɗaya a jerin da ya ƙunshi abin da shi Roth ya yi wa wani.

Yadda ta warware

A 1968 shi da Muriel suka koma jihar New Mexico, suka zauna a Albuquerque cikin gida irin na tirela. A 1979, yana da shekara 73, amosanin gaɓɓai ya riga ya fara murɗe masa yatsu, ya soma dogon aikin da ya kira Mercy of a Rude Stream. Kuma ya fara shi daga inda ya tsaya: 1914, lokacin da iyali suka sauka a Harlem. Shekara 45 yana kewaye wannan ƙofa.

Ya canza wa yaron suna, ya zama Ira. Ira ba David ba ne. Maƙaryaci ne, matsoraci, mai ɗan hali. A makarantar sakandare alƙaluman 'yan ajinsu yake sacewa har aka kama shi aka kore shi. (Marubucin da alƙalami ya yi wa yaji shekaru arba'in ya dawo da labarin ɓarawon alƙalami. Ko ƙagawa aka yi ba za a fi haka ba.)

Dabarar da ta fi muhimmanci ita ce ya raba littafin hawa biyu. Ga labarin yaron yana tafiya, sai a katse, tsohon Ira ya shigo, da wani zubin haruffa daban, zaune gaban kwamfutarsa yana hira da ita. Har suna ya sa mata, Ecclesias. Yana gaya mata ciwon hannunsa, yana gaya mata ba zai iya rubuta abin da ke tafe ba, ita kuma tana zolayarsa, tana tsikararsa, tana ce masa ya daina kwana-kwana. A zahiri na'urar ta sauƙaƙa wa yatsun da riƙon biro ya gagara. A rubuce kuwa ta ba shi abin da bai taɓa samu ba, mai sauraron da ba jam'iyya ba, ba uwar ɗaki ba, ba mai sharhi ba, wanda ba zai ɗauke kai ba komai aka faɗa masa. Jinkirin da fargabar da a da ke sa shi ajiye takarda, yanzu su yake rubutawa. Ya daina jiran tsoro ya wuce kafin ya fara, ya sa tsoron a shafi ya ci gaba.

Ba shi kaɗai ya yi ba. Mario Materassi, farfesa ɗan Italiya da ya fassara littafinsa na farko, ya tattara warwatsattsun rubuce-rubucensa aka buga a 1987, abin da ya nuna wa Roth kansa cewa shirun bai kai yadda ake faɗa ba. Muriel ta rasu a 1990. Ya koma wani tsohon gini da a da ake shirya gawa a ciki, da mataimakiya mai buga masa rubutu, da edita Robert Weil wanda ya sassaƙa dubban shafuka suka zama littattafai.

Juzu'i na farko ya fito a 1994. A cikinsa Ira kamar shi kaɗai iyayensa suka haifa. A juzu'i na biyu, 1995, tsohon ya tsaya ya shaida wa kwamfutarsa cewa ya yi ɓoyo: akwai ƙanwa. Ya share ta daga labarin ne domin tun suna yara ya keta haddinta, abin ya ɗauki shekaru, sannan ya maimaita da wata 'yar'uwarsu. A bainar jama'a Roth ya riƙa fakewa da cewa ƙagaggen labari ne. Steven Kellman, wanda ya wallafa tarihin rayuwarsa a 2005, ya nuna cewa abin ya faru.

Da wannan sai lissafin ya fito. Littafin farko ya tsaya yaro na da shekara takwas. Duk ci gaban da zai zama na gaskiya tilas ya ratsa shekarun balaga, a cikinsu kuwa akwai abin da ba ya iya faɗa kuma ba ya iya tsallakewa. Marubucin da ba shi da jari sai rayuwarsa, ga rabin rayuwar a kulle. Shi ya sa gajeren labari ke fita, dogo ya ƙi. Shi ya sa ya yi ta neman rigar wasu.

Ba na so a ɗauki wannan a matsayin maganin kowa. Yawancin masu kakarewa ba wani mugun sirri suke dannewa ba. Wani gajiya ce, wani bashin da ke kansa, wani irin ɗaliban Rose ne mai son layin farko ya fito da rawani. Bergler ya yi kuskuren mai da kowa majinyaci iri ɗaya, bai kamata a maimaita ba. Abin da lamarin Roth ke nunawa a fili shi ne cijewa iri biyu na iya haɗuwa a kan mutum ɗaya, ta sama ta rufe ta ƙasa. Ta jam'iyya gaskiya ce, kuma ita ce mai sauƙin faɗa, don haka ita aka yi ta ji shekara da shekaru.

Akwai kuma wanda ya biya kuɗin warakar. Mu da muke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, dole wannan ya tsaya mana a rai. Ƙanwar tana raye lokacin da littafin ya fito, tsohuwa mai mutunci a cikin jama'arta. Ita aka cuta tana yarinya, kuma ba da yardarta aka baje abin a kasuwa ba. Ta nuna ɓacin ranta, ta yi barazanar zuwa kotu, aka sasanta da biyan kuɗi da alƙawarin rage irin waɗannan wurare a juzu'an da suka rage. Masu sharhi sun yaba wa tsohon da ƙarfin hali. A ganina ƙarfin halin gaske ne, amma sirrin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma shi ya sami sauƙin ƙirji da suna, ita ta sami tonon asiri a tsufanta. Yadda littafin ya ƙasƙantar da Ira, bai yi masa sassauci ko kaɗan ba, bai goge wannan ba.

Roth ya rasu ranar 13 ga Oktoba, 1995, yana da shekara 89. Juzu'i na uku ya fito a 1996, na huɗu a 1998. Ya bar wani tulin shafuka kusan dubu biyu da ba a taɓa ba, sai da wani matashin edita na The New Yorker, Willing Davidson, ya zauna ya tace su, aka buga a 2010 da sunan An American Type. Labarin ya buɗe ne a Yaddo, a 1938: wani saurayin marubuci da ya zo da littafin da ya ƙi rubutuwa, ya haɗu da wata makaɗiyar fiyano.